Yadda Za Ka Shirya wa Bikin Godiya na Kaka a Amurka da Kanada

Idan aka gayyace ka wannan biki, abu na farko da za ka tabbatar shi ne ranarsa, domin ƙasashen biyu, duk da suna maƙwabtaka, ba sa yin sa lokaci ɗaya. A Kanada ranar Litinin ta biyu ce a watan Oktoba, kamar yadda aka tsayar a 1957, kuma hakan ya dace da yanayinsu, tunda sanyi yakan sauka da wuri a can, a kawo amfanin gona gida tun kafin na kudu. Gidaje da yawa ranar Lahadi suke cin liyafar, saboda haka ka tambayi mai masaukinka. A Amurka kuwa ranar Alhamis ta huɗu ce a Nuwamba, bisa dokar majalisa ta 1941, ko da yake tun 1863 shugaba Abraham Lincoln ya ayyana Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba ranar godiya ta ƙasa ana tsakiyar yaƙin basasa.

Yana da kyau ka san asalin bikin kafin ka zauna a teburi. Amurkawa suna danganta nasu da liyafar kwana uku da aka yi a garin Plymouth, a jihar Massachusetts ta yanzu, a 1621, lokacin da baƙin da suka zo daga Ingila suka ci abinci tare da mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin, waɗanda suka koya musu noman masara bayan hunturun farko ya hallaka kusan rabin baƙin. Abin da ya biyo baya na ƙwace ƙasa da zubar da jini ya sa tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana domin makoki. A ganina wajibi ne baƙo ya riƙe wannan a zuciya, ya auna kalamansa.

Talotalo shi ne sarkin teburi a ƙasashen biyu, kuma idan kai ne za ka gasa shi, to ka fara shiri kwanaki kafin ranar. Daskararren talotalo yana buƙatar kusan kwana ɗaya a firji ga kowane kilo biyu kafin ya narke, wato mai kilo shida zai ci kwana uku. Ka shafe fatarsa da man shanu da gishiri, ka riƙa ɗiban romon da yake tsatsowa kana zuba masa a kai har fatar ta yi ja, tana ƙyalli. Kada ka yarda da launi kaɗai: ka soka ma'aunin zafi a kaurin cinya, sai ya nuna digiri 74 na Selshiyas sannan ka sauke, ka bar shi ya huta kamar rabin awa kafin a yanka. Ana haɗa shi da dakakken dankalin turawa, da romo mai kauri, da miyar kiranberi (wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace) mai tsami, a rufe da kek ɗin kabewa.

Musulmi ya tambaya tun da wuri game da haɗin burodin da ake cusawa cikin talotalon, domin wasu sukan sa masa naman alade ko giya. Kada ka je hannu rabbana, ka tambayi uwargida abin da take so ka kawo. A gidaje da yawa, kafin a sa hannu a abinci, akan zagaya kowa ya faɗi abin da yake godiya a kansa a shekarar, don haka ka tanadi naka tun daga gida.