Yadda ake zaɓar gem ɗin kwamfuta: na mutum ɗaya ko na taron jama'a?

Gem ɗin kwamfuta kashi biyu ne a dunƙule. Akwai wanda za ka zauna kai kaɗai kana bin labari, daga kai sai na'ura, irin su The Witcher 3 da Hollow Knight. Akwai kuma wanda sai ka hau intanet ka kara da mutane irinka, kamar Counter-Strike 2 da Dota 2 da Valorant. Masu gardamar wanne ya fi daɗi galibinsu suna zaune ne a inda ba a ɗauke wuta. Kai da kake Kano ko Maraɗi, kafin a zo maganar abin da ranka yake so, wutarka da sabis ɗinka ne za su fara yanke hukunci. Ga yadda nake bi kafin in ƙona data ko kuɗi.

Mataki na 1: San ƙarfin kwamfutarka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka danna Enter. Za ka ga girman RAM da sunan katin hotonka. Sai ka buɗe shafin gem ɗin a Steam, wato kantin gem na intanet, ka gangara can ƙasa inda aka jera abin da yake buƙata, ka kwatanta. Idan laftof na hannu ka saya mai ɗan shekaru, ka lura Valorant ba ya tashi a Windows 11 sai an kunna saitunan tsaro na kwamfuta da ake kira TPM 2.0 da Secure Boot. Stardew Valley kuwa, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya ƙirƙira ya fitar a 2016, kusan kowace tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa.

Mataki na 2: Auna jinkirin sabis

Nan ne gizo ke saƙa. 'Yan gem suna kiran abin ping, wato lokacin da saƙo zai tashi daga kwamfutarka ya je saba (babbar kwamfutar da take haɗa 'yan wasa) ya dawo, a ma'aunin milisakan. Ba ɗaya ba ne da saurin sauke fayil. Kana iya samun layin da yake jawo bidiyo kamar ruwa, amma a gem ka danna harbi sai an gama da kai harsashinka zai fita.

Dalili kuwa nisa ne. Sabobin Valve, kamfanin da ya mallaki Steam da Counter-Strike 2 da Dota 2, da za ka fi faɗawa suna Turai, irin su Frankfurt da Madrid, sai kuma Johannesburg a Afirka ta Kudu. Saƙonka sai ya gangara bakin teku, ya bi wayar ƙarƙashin ruwa, sannan ya isa. Wanda ya tuna Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyin nan suka lalace a gaɓar Kodibuwa, ya san yadda muka rataya a kansu. Shi ya sa daga nan ping ɗinka zuwa Turai da wuya ya sauko ƙasa da 100, alhali abokin karawarka a Jamus yana wasa da 20.

Ka shiga shafin Speedtest, amma kada ka bar shi ya zaɓa maka saba, don zai ɗauko ta kusa ya nuna maka lamba mai daɗi. Ka zaɓi Frankfurt da hannunka. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan Isha, lokacin da kowa ya hau waya. Abin dubawa shi ne tsayuwar lambar. Ping 130 da ya tsaya cak ya fi wanda yake tsalle daga 90 zuwa 400. Idan da wayarka kake ba kwamfutar intanet, ka haɗa su da waya ta USB, ya fi kwanciyar hankali a kan Wi-Fi.

In lambar ta ƙi zama, ka haƙura da gem ɗin harbi na gasa. Ba gazawarka ba ce.

Mataki na 3: Lissafa wutarka da lokacinka

Wasan gasa ba ya jiran kowa. Zama ɗaya na Dota 2 yakan ci minti 30 zuwa 45, wani sa'in ya wuce, kuma mutum huɗu ne suke dogaro da kai. A Counter-Strike 2, in ka fice ana tsakiyar wasan gasa ba ka dawo ba, za a dakatar da kai na minti 30. In ka maimaita, hukuncin yana hawa har ya kai mako guda, kuma ba ruwan na'ura da cewa NEPA ce ta yi halinta. Ni ya taɓa faruwa da ni sau biyu a dare ɗaya, na biyun ma man janareta ne ya ƙare.

Ka kuma tambayi kanka gaskiya: kana da minti 45 da ba za a kira salla ba, Mama ba za ta aike ka ba? Gem ɗin mutum ɗaya sai ka danna Esc ka tashi. Ka dai saba da ajiye inda ka tsaya a kai a kai, musamman in batirin laftof ɗin ya gaji.

Mataki na 4: Data

Mutane suna ɗauka wasan intanet ne yake shanye data. Wasan kansa bai cika ci ba. Sabuntawa ce take kashe mutum, don ba za a bar ka ka shiga ba sai ka sauke ta baya-bayan nan, kuma wasu sukan kai gig da yawa. Na mutum ɗaya kuwa sau ɗaya za ka sha wahalar saukewa, daga nan ka sa Steam a yanayin rashin intanet ka ci gaba. Kantin GOG ma yana ba ka fayil ɗin girkawa ka adana a faifanka. A saitin kowane gem a Steam, ka zaɓi kada ya sabunta sai ka buɗe shi, in ba haka ba ka wayi gari datarka ta yi ɓatan dabo.

Mataki na 5: Kada ka biya sai ka duba

Counter-Strike 2 da Dota 2 da Valorant da Fortnite duk kyauta ne, kayan ado na cikin wasa suke sayarwa, kuma ba dole. Na mutum ɗaya ne ake saye, sai dai mai haƙuri ba ya biyan cikakken farashi. Steam yana karya farashi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, Epic Games kuma duk Alhamis yana raba gem kyauta, har GTA V ya taɓa bayarwa a Mayun 2020. In ka saya a Steam bai yi maka ba, kana iya neman kuɗinka cikin kwana 14, muddin ba ka yi wasan awa 2 ba. Don haka awar farko ta gwaji ce, ba ta kallon gabatarwa ba.

Tarko ɗaya: akwai gem ɗin da za ka buga kai kaɗai amma ba ya buɗewa sai da intanet. The Crew na Ubisoft haka yake, da aka rufe sabobinsa a ƙarshen Maris 2024 sai ya daina aiki har ga waɗanda suka biya. Ka karanta shafin da kyau kafin ka danna saye.

Mataki na 6: In duka biyun kake so

Ka sayi hannun buga gem guda biyu ka jona wa kwamfutar. EA Sports FC, wanda har yanzu kowa FIFA yake ce masa duk da an sauya sunan a 2023, mutum biyu suna buga shi a allo ɗaya ba tare da sabis ba. It Takes Two kuwa ba ya yiwuwa sai da abokin wasa, allon ake raba muku biyu. Wanda aka lallasa ya miƙa hannu ga na gaba, kamar yadda ake yi a gidan gem na unguwa.