Yadda na ceto hamstarmu daga zafin Gombe

Watan Afrilu ne, rana na dukan Gombe, ga ba wuta tun safe. Ana kiran azahar ƙanwata ta shigo a guje: "Yaya, zo ki ga hamstar nan, ba ta motsi!" Na tarar hamstar, 'yar dabba mai kama da ɓera da muke kiwo a keji, ta baje a kan cikinta tana haki, yawu ya jiƙa mata haɓa. Gabana ya faɗi.

Laifinmu ne. Kejinta na jikin taga, a ɗakin kwano marar silin. Irin tamu asalinta daga Siriya take, wajen Halab, kuma can a rami take fakewa da tsakar rana. Yanayi mai zafin digiri 18 zuwa 24 ne ya dace da ita, mu kuwa a bazara muna haura 38.

Ban tsoma ta cikin ruwan sanyi ba, don sanyin farat ɗaya na iya ƙarasa ta. Ɗakin ƙasa na Hajiya na kai ta, na dangwalo ruwan randa da yatsa na shafa mata a kunnuwa da tafin ƙafa, ina ɗiga mata kaɗan a gefen baki. Sai da aka yi rabin awa kafin ta ɗago kai. Da yamma na kai ta wajen likitan dabbobi ya duba ta.

Yanzu kejin na gindin randa. Na kwantar mata da ƙaramar tukunyar ƙasa a ciki, nan take shigewa da rana. Kokwamba kuwa ɗan yanki nake ba ta, don yawanta na sa su zawo.