Malama, ga yadda za ki tafiyar da aji idan a cikin ɗalibanki akwai matan da suka ga tashin hankali

Wannan na malaman yaƙi da jahilci ne da na Islamiyyar matan aure, irin ajujuwan nan da ake yi bayan azahar ko tsakanin magariba da isha a unguwannin Kaduna irin su Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki da Mando. Duk wadda ta ɗan jima tana koyar da manyan mata ta san ɗalibar da nake nufi. Yau ta haɗa baƙi da wasali lafiya lau har ta rubuta sunanta, jibi ta dawo kamar ba ta taɓa riƙe biro ba. Ko kina tsakiyar bayani ki ga ta ƙura wa bango ido, gangar jikin na aji amma ita ba ta nan. Sai a ce daƙiƙiya ce, ko girma ne, ko mutanen ɓoye. Sau da yawa ba ko ɗaya, tsoro ne bai sake ta ba.

Kuma kar ki ɗauka ɗaya ce ko biyu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko an ji musu ciwo tun daga shekara 15. To ki ɗora namu na Kaduna a kai, waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru, da waɗanda aka sace musu miji ko ɗa aka sayar da gona aka kai kuɗin fansa, da iyayenmu da suka ga rikicin 2000 da na 2011 da idonsu.

Abin da ke faruwa a jiki ba wani ɓoyayyen abu bane. Idan mutum ya ji haɗari jikinsa na sakin sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta hau bugu, kunne da ido su koma gadi, sashen ƙwaƙwalwa mai tsara tunani da ajiye sabon abu ya ja baya tunda a lokacin tsira ake nema ba karatu ba. Wadda ta daɗe cikin duka ko fargaba, wannan gadin baya mutuwa ko da haɗarin ya wuce, kamar wayar da aka bar fitilarta a kunne dare da rana, kina zuwa kira sai ki tarar caji ya ƙare. Ga rashin barci kuma, alhali a cikin barci ne abin da aka koya da rana yake zama a kai.

Abu na farko, kuma dan Allah ki riƙe shi, kar ki tambaye ta labarinta. Ba sai kin san me ya same ta ba kafin ki gyara ajin. Akwai wani darasi da malamai ke so, wai kowa ta tashi ta ba da tarihin rayuwarta ko ta rubuta ranar da ba za ta manta ba, wallahi ga wata wannan ranar ita ce wadda take roƙon Allah ya mantar da ita. Ki ba da zaɓi, mai son yin na rayuwarta ta yi, mai son rubuta farashin mudun masara a kasuwar Kawo ta yi. Dama abin da ya kawo yawancinsu kenan, su iya karanta katin asibiti da alat ɗin banki da sunan magani, su ajiye lamba a waya ba sai sun kira yaro ba.

Sai shi kansa ajin. Bulala ko sandar nuna allo da ake buga tebur da ita, ki ajiye ta gida. Kar ki riƙa zagayowa ta bayan mutum shiru ki leƙa littafinta, ki zo ta gaba tana ganinki, kuma kafin ki kama hannunta ki gyara mata riƙon fensir ki ce Maman Abba in kama? Ki bar kowa ta zauna inda ta zaɓa, wata ba ta samun natsuwa sai tana kallon ƙofa kuma bayanta na jikin bango, kar ki tashe ta wai don layi ya miƙe. Ki faɗa tun ranar farko cewa mai son fita ta sha iska ta fita ba sai ta ɗaga hannu ba, manyan mata ne fa, wasu sun haife ki. Idan namiji zai shigo, mai duba makarantu ne ko limamin unguwa, ki sanar tun kafin ranar. Kuma tsarin darasi ya zama iri ɗaya kullum, gaisuwa, bitar na jiya, sabon abu kaɗan, rubutu, tashi, saboda wadda rayuwarta ba ta san me zai faru anjima ba tana hutawa idan ta san me zai biyo baya.

Kiran suna ba zato a ce tashi ki karanta, yana cikin abubuwan da ke korar mata daga aji. Ku karanta gaba ɗaya da murya ɗaya, sannan bibbiyu, sannan mai so ta yi ita kaɗai. Wadda aka shekara ashirin ana ce mata jaka ba ta buƙatar jan biro ya cika mata shafi, ki zagaye layin da ta yi daidai ki ce irin wannan za ki ƙara min. Maimaici kuma kar ki gaji da shi.

To idan abin ya taso a aji fa? Salansar babur ta fashe ko jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa, mu na wajen Mando mun san wannan, sai ki ga wata ta daskare ko jiki na rawa ko kuka ya ƙwace. Kar a yi mata rumfa, ki sa sauran su ci gaba da rubutu. Ki durƙusa daidai ita, murya ƙasa, ki kira sunanta ki ce muna aji ne, yau Talata, ni ce malama, ba abin da zai same ki a nan. Ki ba ta ruwa ta riƙe da kanta, ta dafa ƙafa a ƙasa, ta riƙa fitar da numfashi a hankali, ki ce ta faɗa miki abu uku da take gani a ɗakin. In tana son addu'ar da ta saba ku yi tare. Amma danne ta da turara hayaƙi da ihu a kunne, ga wadda aka taɓa dannewa da ƙarfi, maimaita mata abin ne kawai.

Fashi kuma za ta yi shi. Kar ki goge sunanta a rajista, ranar da ta dawo ki ce sannu da zuwa, mun yi kewarki, shikenan. Ki lura da aikin gida ma, akwai gidan da ganin littafi kaɗai ke jawo faɗa, ki tanadi kwali a aji mai so ta bar littafinta. Kuma kar ki kira lambar maigida kina cigiyarta sai in ita ta ce ki yi.

Wani abu da ake mantawa, mari mai ƙarfi na iya fasa dodon kunne, duka a kai kuma na iya shafar gani da riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Wadda kullum take karkato kunne ɗaya ko take matse ido a allo, ki ba ta shawarar a duba ta, mu Kaduna mun yi sa'a cibiyar ido ta ƙasa da cibiyar kunne ta ƙasa duk a garin nan suke.

Wata rana ɗaya za ta tsaya bayan an tashi ta faɗa miki da kanta. Ki saurara, kar ki tona, kar ki ce me kika yi masa. Kar ki tsaya a ki yi haƙuri haka aure yake, kar kuma ki yanke mata hukunci ki ce ta fito yau, ita ta san haɗarin gidanta fiye da ke. Ki ce na yarda da ke, ba laifinki bane, me kike so mu yi? Kuma maganar ta mutu a wajenki, ban da in rai na cikin haɗari ko yaro ake cutarwa, wannan ki gaya mata tun farko cewa sai an nemi taimako.

Ke malama ce ba likita ba, aikinki ki san inda za ki miƙa ta. Cibiyoyin Salama na gwamnatin jiha suna karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi, akwai a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da babban asibitin Kafanchan. In fyaɗe ne kar a jira taron dangi, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Wadda ba ta barci, ko take yawan firgita, ko ta fara maganar gara ta mutu, ki miƙa ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma ki yi mata bayani cewa zuwa can ba hauka bane don kalmar ce ke hana mutane zuwa. Ta fuskar shari'a, dokar hana cin zarafi ta VAPP ta tarayya ta fito a 2015, Kaduna ta yi tata a 2018, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na da reshe a nan. Mai jin Turanci ta nemi jagorar agajin gaggawa na damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, kyauta ce a intanet, da rubuce-rubucen Jenny Horsman, wata mai bincike a Kanada da ta daɗe tana aiki a kan tashin hankali da karatun mata.

Kar ki jira sai abin ya faru. Ki ware rana ɗaya ki taka cibiyar da ta fi kusa da ku, ki ga ƙofar da ake shiga, ki karɓi lambar ma'aikaciya. Ki rubuta lambar a gefen allo cikin sauran lambobin asibiti da kowa ke kwafa a darasin ajiye lamba a waya, yadda wadda take buƙata za ta samu ba tare da kowa ya san ita ce ba.