Yadda Ake Saita Ma'aunin Tankin Man Jirgin Sama

Masu yawan tambaya a kan saita tanki, ga matakan bi da bi:

1. Daidaita jirgin yadda yake zama a sama, bisa littafinsa.
2. Haɗa jikin jirgin da ƙasa da waya, saboda tartsatsi.
3. Rufe hanyar mai tsakanin tankunan.
4. Juye man tanki ɗaya ƙaf.
5. Zuba adadin man da injin ba ya iya zuƙa.
6. Adana wannan a na'urar da ke nuna yawan mai a matsayin sifili.

Hattara: nan aka fi kuskure. In ka ɗauki busasshen tanki a matsayin sifili, allon na'urar zai nuna akwai mai alhali injin ya daina samu.

7. Zuba lita 10 da mazubi mai awo.
8. Jijjiga fiffiken kaɗan, don ma'aunin ciki kan maƙale.
9. Jira lambar da ke kan allon ta tsaya cak.
10. Adana ta.
11. Maimaita 7 zuwa 10 har tankin ya cika.

Kusa da cika, lambar kan daina motsi, domin ma'aunin ya kai ƙarshen tafiyarsa. Kada ka ƙirƙiri lamba.

12. Koma ɗaya tankin, ka maimaita 4 zuwa 11.
13. Rubuta aikin a kundin gyaran jirgin.