Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kafa Tashar Sabis ta Zangon Milimita a Legas

Duk wanda ya shekara goma yana hawa ƙarfen sabis akwai ɗabi'ar da ta zauna masa a jini: ɗaga eriya sama iya yadda za ta ɗagu, juya ta wajen unguwa, ɗaure noti, sauko. Sigina ita za ta nemi hanyarta, ta ratsa bulo, ta sha kwana, ta iske mai waya har kan katifarsa. Da wannan ɗabi'ar muka ci abinci a zamanin 2G da 3G da 4G, kuma ita ce ke kayar da mu ranar da aka miƙo mana na'urar zangon milimita.

Zangon milimita shi ne daga wajen gigahaz 24 zuwa sama (gigahaz shi ne ma'aunin saurin kaɗawar igiyar sigina), inda tsawon igiyar sigina ya ƙanƙance ya dawo wajen santimita ɗaya ko ƙasa da haka. A gigahaz 28, milimita 10.7 ne. 5G ɗin da jama'a ke amfani da shi a Legas ba nan yake ba, yana kan gigahaz 3.5, wanda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa a Disamba 2021, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu. Igiyarsa ta kai santimita 8.6. Amma gwajin 5G da aka yi a ƙasar nan a 2019 ya haɗa da gigahaz 26, kuma a shekarar ce taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar ya ware gigahaz 24.25 zuwa 27.5 don wayar salula. Ƙananan eriyoyin nan kuwa masu kama da faranti, masu haɗa turke da turke a gigahaz 71 zuwa 76 da 81 zuwa 86, tuni suna kan rufin benaye, muna ta fama da su. Ke nan aikin ya riga ya shigo mana gida.

Abin da nake fara gaya wa duk yaron da aka haɗa ni da shi: ka ɗauka tocila aka ba ka. Inda haskenta zai kai, nan sigina za ta kai. Abin da zai tare haske, zai tare ta.

Babban kuskure shi ne zaɓar wuri daga ofis. Mutum ya buɗe taswira a kwamfuta, ya zana da'ira, ya ce nan zuwa nan an gama. A nisa iri ɗaya, da eriya mai ƙarfi iri ɗaya, siginar gigahaz 28 tana isa da raunin desibel 18 (desibel shi ne ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina) ƙasa da ta 3.5, wato kashi ɗaya cikin sittin da wani abu na ƙarfinta, tun ma kafin komai ya gitta. Shi ya sa na'urar take ɗauke da ƙananan eriyoyi masu yawa a cikinta, suna tattara sigina wuri guda kamar tsinin haske suna bin mai waya da ita. Duk da haka, a cikin gari 'yan ɗaruruwan mitoci take ci. Ka kai ta ƙolin turke mai mita 40, to ka cinye wani kaso na nisan a saukowa kawai, kuma wanda ke gindin turken yana iya rasa ta gaba ɗaya. Wurinta tsayin falwaya ne ko fitilar titi, ko gefen bene hawa na biyu ko na uku, tana kallon inda mutane suke taruwa.

Wata rana a wajen Agege muna duba wani wuri, yaron da ke tare da ni ya riga ya sa bel zai hau. Na ce, "Dakata ƙanena, sauko mu je can bakin tasha." Muka taka har inda masu shayi suke. Na ce ya juya ya nuna min inda za mu ɗaura na'urar. Ya ɗaga kai, ya ɗan matsa hagu, ya matsa dama. "Oga, wallahi allon tallan nan ya rufe shi." Allon ba ya cikin taswira, mangwaron da ke bayansa ma haka. Gyaran ke nan, ba wani sihiri: a taka da ƙafa, a tsaya inda mai waya zai tsaya, a waiwaya. A kuma je da yamma lokacin da go-sulo ya haɗu, don doguwar motar BRT ko tirelar da ke layin shiga Apapa bango ce mai tafiya. Ganye ma yana cin sigina, jiƙaƙƙe ya fi ci, kuma itatuwan Legas ba sa kaɗe ganye su ba ka hutu kamar na gida da rani. Jikin mutum kansa yana iya rage ta da desibel 20 ko fiye. Saboda haka wurin cunkoso ana haska shi ta kusurwa biyu, in ɗaya ta toshe ɗaya ta ɗauka.

Daga nan sai alkawarin da ake yi wa masu benayen gilashi. Na taɓa cin wannan kunyar a wani ofis a ɓangaren tsibiri na Legas. A bakin ƙofa gwaji ya yi kyau har ana tafi. Muka shiga ciki, taku uku daga taga, waya ta koma 4G. Manajan ya dube ni ya ce, "Injiniya, ba ga na'urar taku can ina hango ta ba?" Yana hango ta kuwa. Sai dai gilashin irin mai hana zafin rana shiga ne, an shafa masa ƙarfe siriri da ido ba ya gani, kuma irin wannan yana iya cinye desibel 25 zuwa sama. A nan kaɗai misalin tocila yake yaudara. Bulo da kankare da kwano kuwa ba a ma maganarsu. Kada a sayar wa kowa sabis na cikin gida daga na'urar waje. Ko dai a ɗaura masa akwatin karɓa a waje a shigo da waya, ko a kafa ƙaramar tasha a cikin ginin.

Maganar ruwan sama ta rabu biyu, kuma kowane ɓangare ana kuskure a cikinsa. Wasu suna jin tsoronsa fiye da kima. A gigahaz 28, ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa yana cin wajen desibel 18 a kowace kilomita. In tasharka mita 200 take ci, asarar ba ta kai desibel 4 ba, abin da za a iya tanadar masa tun a lissafi. Inda ya kamata a ji tsoro ba a ji, wato farantin da ke kai wa tashar bayanai daga wani turke. A gigahaz 80, ruwan nan ɗaya yana cin wajen desibel 30 a kilomita. Sai a zo a watan Janairu, sama tas, a haɗa kilomita uku ko huɗu, a sa hannu a takarda, kowa ya tafi gida. Ruwan Yuni da Yuli na sauka sai layi ya mutu, ya dawo, ya sake mutuwa; a samu sauƙi a Agusta, a koma gidan jiya a Satumba da Oktoba. Wanda ya yi lissafi da ruwan Kano ko na Turai a Legas, ya gina ramin kansa. A gajarta nisa, a yi lissafi da ruwan bakin teku, a kunna tsarin da ke rage gudu in ruwa ya tsananta maimakon layi ya yanke. In nisan ya zama dole, a goya masa wani layi a gigahaz 15 ko 18 da zai riƙe shi har hadari ya wuce. In akwai halin jan fayiba, wato wayar gilashi mai kai bayanai da haske, ita ce gaba, amma ta hanya biyu, don kowa ya san abin da katafilar masu gyaran titi ke yi mata.

Saita farantin shi ma yana da tarkonsa. Faranti mai faɗin santimita 60 a gigahaz 80, tsinin siginarsa wajen rabin digiri ne. A gefen babban tsinin akwai ƙanana. Mai gaggawa yana juyawa, na'urar awon sigina ta ɗan motsa, sai ya ɗaure ya ce ya samu, alhali ɗan gefe ya kama. Alamar ita ce abin da ka karanta ya gaza abin da lissafi ya ce da desibel goma ko fiye. Ka wuce wurin, ka dawo, ka yi sama da ƙasa, ɓangare ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, har sai lamba ta zo daidai da ta takarda. Ka sa ido lokacin ɗaure noti, sufana kaɗai tana iya kautar da shi. Siririn bututu mai rawa a iska kuwa bai dace da shi ba ko kaɗan. Kamfas ɗin waya a jikin ƙarfe ƙarya yake yi, a sauka a auna daga nesa.

Akwai kuskuren da ba ya nuna kansa da wuri: eriyar GPS, ɗan farin ƙoƙon da tasha ke karɓar daidaitaccen lokaci da shi daga tauraron ɗan'adam. Waɗannan tashoshin a zango ɗaya suke aikawa da karɓa, suna karɓa-karɓa da lokaci, don haka dole agogonsu ya zo ɗaya, kada kowanne ya kauce wa daidaitaccen lokaci da fiye da maikurosakan 1.5 (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). Na sha ganin ɗan farin ƙoƙon nan an liƙa shi a ƙarƙashin inuwar kwano ko a jikin tankin ruwa, wai don kada ruwa ya dake shi. Ai don ruwa aka yi shi. Sararin sama yake so a buɗe. In agogo ya kauce, tashar ta zama mai surutu lokacin da maƙwabciyarta ke saurare, a yi ta canza na'urori lafiyayyu ana neman ciwon da ba a nan yake ba.

Sauran sanannu ne, sakaci ne kawai. Wayar wuta siririya a kan dogon nisa tana zubar da ƙarfin volt 48 ɗin da na'urar ke aiki da shi, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi daidai lokacin da jama'a suka yi yawa. Kan fayiba a duba shi a goge kafin a soka, ƙura ɗaya ta isa. A Lekki da Ajah iskar teku gishiri ce, noti na gama-gari damina ɗaya ya yi tsatsa. A naɗe mahaɗai da kyau, a bar wa waya ɗan lanƙwasa a ƙasa don ruwa ya ɗiga, a bar sarari a bayan na'ura ta sha iska, a binne wayar tsawa yadda ya kamata. Batir kuma a kulle shi, a kuma kyautata wa Baba maigadi. Takardu a gama su kafin a sauke kaya: izinin zango daga NCC, na kafa turke a Legas daga LASIMRA, hukumar jihar mai kula da irin waɗannan gine-gine, in akwai tsayi a kusa da filin jirgin Ikeja a nemi na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama. Yarjejeniya da mai gida a rubuce, har da ikon shiga da daddare.

Sai abin da ya fi ba ni dariya, a gama komai a rasa wayar gwaji. In tsarin irin wanda ke jingina da 4G ne, waya sai ta fara kama 4G ɗin sannan a miƙa ta ga zangon milimita. In ba a gabatar da tashoshin biyu ga juna a saiti ba, na'ura za ta yi ta haska fitila koriya ba mai shiga. Kuma rubutun 5G a kwali ba ya nufin waya tana jin wannan zango. Akasarin waɗanda ake sayarwa a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, gigahaz 3.5 da na ƙasa suke kamawa. Ko iPhone, daga ta 12 aka fara sa mata, kuma samfurin Amurka kaɗai. A cikin tokumbo ma sai ka duba ko lambar zangon ta dace, don gigahaz 26 shi ne n258, su kuwa can Amurka sun fi amfani da n260 da n261. Mun taɓa ɓata yini guda muna kwance waya muna mayarwa, har na fara zargin yaron nan da saka fayiba a baibai. Can wajen la'asar ya karɓi wayar gwajin ya juya bayanta, ya nemo lambar samfurin a intanet, ya miƙo min ba tare da ya ce uffan ba. Ni na saya masa shayi da ƙwai a daren.