Yadda za ka fita farauta da karnuka tare da yaranka

Masu kallon bidiyon farauta a YouTube da Facebook ƙila sun ci karo da na Turawan Amurka da ke bin zakin dutse da karnuka, mutum da matatai da ɗiyanai har da 'yan ƙanana duk cikin dusar ƙanƙara suna hawan tsauni. Dabban da ake kira puma kenan, a nahiyar Amurka kawai yake tun daga Kanada har kudancin Ajantina, ba shi da geza irin ta zakinmu kuma ba ya ruri. Ni dai abin ya burge ni ƙwarai kuma ina ganin akwai abin ɗauka a ciki ga mu nan Kabi da Zamfara da munka gaji farauta kaka da kakanni amma yaranmu sun fara tashi ba su san sawun zomo ba.

Ga yadda suke yi a jihohi irin su Montana, Aidaho, Yuta da Kolorado. Lokacin sanyi suke fita tun kafin asuba, suna bin hanyoyin daji da mota a hankali suna haska ƙasa har su ga sawun da ya tsallaka hanya a daren, sai su sauka su duba girman sawun, in ya yi musu su saki karnuka. Karnukan nasu masu dogon kunne ne, da hanci suke aiki kuma suna haushi duk tsawon bin, kowanne da na'urar GPS a wuya mai shi yana ganin inda ya nufa. Zakin dutse yana da gudu amma ba ya jurewa, in ya gaji sai ya haye icce ko dutse karnuka su kewaye gindin suna haushi har mutane su iso, wani lokaci bayan tafiyar awowi. To nan ne wurin da na fi so, da yawansu in sun iso sai su duba, in mace ce ko ƙarami ne su ɗauki hoto su ɗaure karnukansu su juya gida, a bar shi. Doka ma ta hana kashe mace mai 'ya'ya, kuma a Kolorado sai ka ci jarrabawar bambance namiji da mace kafin a ba ka lasin. Ba ko'ina ake yarda ba, Kalifoniya ta hana farautarsa tun 1990, Oregon ta hana bin sa da karnuka a 1994, Washinton a 1996.

Mu nan ba zaki za mu bi ba. Zakunan da sunka rage a Nijeriya 'yan kaɗan ne, a gandun dajin Kainji da Yankari, kuma dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 ta hana taɓa su, su da damisa. Namu shi ne zomo, gafiya, gyazbi, kurege, zabon daji, fakara, in an yi sa'a gada. Abin da nake so mu ɗauka shi ne uba ya ja ɗansa a jiki ya koya mai daji da hannunsa, kuma yaron ya san mafarauci ne ke da ikon cewa wannan a kama wannan a bari.

Fara da kare, don ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da za ka fita da yara da shi dole ya zama wanda ke jin kira, in ka ce dawo ya dawo ko da yana ganin nama a gabansa, in ka ce saki ya saki. Wanda bai kai nan ba ka bar shi gida ko da shi ne ya fi kowa gudu a unguwa. Hanya mafi kyau ita ce ka samo kwikwiyo ka danƙa wa yaron ya zama shi ke ba shi abinci da ruwa, shi ke cire mai kaska, shi ke kiran sunansa safe da yamma, sai ka ɗaura fatar zomo a igiya yaron yana ja a ƙasa yana ɓoyewa bayan rumbu ko cikin kara kwikwiyon yana nemowa, in ya samo a shafa kansa a ba shi ɗan abu. In ya tasa sai a haɗa shi da tsohuwar karya mai natsuwa, ita za ta koya mai abin da kai ba ka iya koya mai ba. Karnukanmu na gida sun fi dogara da ido da gudu, kuma galibi shiru suke bi ba kamar na Turawan can ba, shi ya sa jin kira ya zama wajibi, in ya ɓace maka a cikin gamba ba haushin da zai nuna maka inda yake.

Kafin komai ka kai shi asibitin dabbobi a yi mai allurar haukan kare, ana farawa daga wata 3 sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki. Wannan ba abin wasa ba ne wallahi, ciwon haukan kare in alamunsa sunka bayyana ga mutum kusan ba a tashi, kuma yara ne sunka fi shiga hatsarin don su ke wasa da karnuka kuma su ɓoye cizo saboda tsoron faɗa. Ka gaya wa yaronka tun yanzu, duk karen da ya cije shi ko ya yaƙushe shi ya faɗa nan take ba wanda zai doke shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a wuce asibiti ranar.

Sai maganar wuri, kuma ita ce mafi nauyi a wannan zamani. Kowa ya san halin da ake ciki, dazukan da iyayenmu ke kwana a ciki irin su Kuyambana ta wajen Dansadau, Sububu, Dumburum da Rugu yanzu 'yan bindiga ne a ciki, ta wajen Danko-Wasagu da Sakaba ma haka, ga Lakurawa ta Augie da Arewa. Mai yaro a hannu ba shi da abin yi a ko kusa da waɗannan wurare. Farautar iyali ta bayan gari ce, saura da gonakin da anka girbe da bakin fadama inda in ka waiga kana hango itatuwan gari ko kana jin kiran salla. Ka tambayi mai unguwa da sarkin dawa da 'yan banga daren da za ku fita, ba satin da ya wuce ba, don labari yana canjawa cikin yini guda, in sun ce yau kar a fita to an fasa kenan ko da yara za su yi kuka. Ka faɗa wa uwargida ta ina kunka nufa da lokacin da za ku dawo, waya da caji da kati a ciki.

Kuma kar ka kai yaro farautar gayya, wadda ake cika mota da samari da kiɗan gangi da 'yan tauri. Tana da daɗinta ga manya, amma can ne ake rigima a kan karen wa ya fara kamawa har a zare barandami, ga masu shaye-shaye da sunka shigo cikin harkar. Ku fita ku kaɗan, kai da ƙaninka ko amininka, yara biyu ko uku, karnuka biyu. Bindiga ta zauna gida ranar, ko ta toka ce. Kere da sanda da ƙaramar wuƙar yanka a hannun babba sun isa.

Lokaci kuwa bayan kaka ne, in an kwashe gero da dawa da wake, cikin hunturu. Ku yi sallar asuba ku fita, ƙasa da sanyi sawu bai baje ba, kafin ƙarfe 11 kun juyo don rana na gajiyar da kare fiye da yadda mutane ke zato, ka ga ya zaro harshe yana neman inuwa to ka tsaya ka ba shi ruwa. A sa wa yara takalmi rufaffe da dogon wando saboda ƙarangiya da tsidau da kuma maciji, a riƙe jarkar ruwa da 'yar roba ta karnuka daban, a zuba fura a gora. Yaro ɗan shekara bakwai zuwa sama zai iya, ƙasa da haka goyo za ka ƙare da shi. 'Yan mata ƙanana ma ni ban ga laifin a je da su irin wagga fita ta bayan gari ba, tare da ubansu suke, kuma sau da yawa sun fi mazan lura da ƙasa.

In kun shiga sai a jeru kafaɗa da kafaɗa da 'yar tazara, yaro kusa da babba, ba mai wuce layi ba mai jifa sai an ce ya jefa. Kar ka yi sauri. Yawancin abin da yaron zai tafi gida da shi a kansa a wannan tafiyar a hankali yake, ka tsuguna ka nuna mai sawun zomo yadda ƙafafun baya dogaye ke faɗawa gaban na gaba, ka nuna mai kashinsa ƙulu-ƙulu da makwancinsa a gindin sabara ko geza, inda zabi sunka yi birgima a ƙura sunka bar gashi, ramin gafiya mai sabuwar ƙasa a baki da wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa alamar ba kowa ciki. Ka tambaye shi, ta ina kake ganin ya bi, ka bar shi ya yi kuskure ya gyara. Ka koya mai kallon kare shi ma, yadda kunne ke miƙewa wutsiya ta ƙage in ya ji wani abu. In zomo ya tashi za ka ga abin mamaki, yaron da ke jan ƙafa tun ɗazu ya manta da gajiya, sai dai ka riƙe shi kar ya bi, zomo yana kwana-kwana kuma sau da yawa kewayowa yake yi ta inda ya taso, wanda ya tsaya ya fi ganin komai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma gudun na karnuka ne ba na yara ba.

Hannu ba ya shiga rami, ko na suri ko kogon icce, wannan doka ce da za ka maimaita har su gaji da ji. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk a irin wuraren nan suke. In tsautsayi ya faɗa ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaure ƙafa tamau, a kwantar da hankalin wanda anka sara a hana shi tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi zuwa asibiti. Ɓeraye kuma ku bar su gaba ɗaya saboda zazzaɓin Lassa wanda ya fi yaɗuwa a rani, lokacin farautar kenan. Kar ku sa wa daji wuta don fitar da nama, wuta guda tana cinye harawar mutane da ciyawar dabbobi da 'yan itatuwan da ke tasowa saboda gafiya biyu. In kun hango garken Fulani ko lambun albasa ko shinkafar rani a ɗaure karnuka a kewaye, a yi sallama a wuce.

Addini bai bar wannan fage ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta sunka kamo mana tare da ambaton sunan Allah, don haka ka koya wa yaro ya ce Bismillahi lokacin sakin kare, da bakinsa. In kun tarar da naman da rai sai a yanka nan take da wuƙa mai kaifi, kar a bar karnuka suna wasa da shi yara na dariya, wannan yana ɓata zuciyar yaro. Sauran rassan hukuncin, kamar in kare ya ci wani abu a jiki ko in baƙon kare ya shiga cikin kamun, ka zauna da malamin unguwarku kai da yaron ku ji tare.

Sannan ka sa ya gani da idonsa ranar da za ka kira karnuka ka hana su. Kun tayar da gada da ɗanta a baya, ko zabuwa da 'yan tsaki, ko zomon da bai wuce tafin hannu ba, ka ce a bari, ka ɗaure su. Zai ji haushi, zai ce Baba ai da mun kama, sai ka gaya mai dalili, cewa barewa da gada da kakansa ke samu a bayan garin nan sun yi wuya yau saboda an kashe uwa an kashe ɗa. Zomo biyu sun ishi gida, in an samu a juya.

Da kun dawo karnuka za a fara dubawa kafin kowa ya zauna, yaron ya ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya ya cire ƙaya ya duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska, a ba su ruwa da nasu kason, kayan ciki a dafa musu. Kowa ya wanke hannu da sabulu, mai fiɗa kar ya yi da hannu mai ciwo, naman kuma a dafa shi ya nuna sosai. A aika wa maƙwabci da kaka ko cinya guda ce, yaron da kansa zai kai, kuma a bar shi shi ya ba innarsa labarin yadda anka yi ko da ya ƙara gishiri. Fita ta gaba ka ba shi igiyar kare guda ya riƙe tun daga ƙofar gida.