Firam din kekenka na karfe ya lotsa? Ga yadda zaka gane ko da hadari

Yawancin lotsawar da ake gani a firam din karfe muni ne kawai, bata hana hawa. Karfe yana da hakuri, lankwasawa yake kafin ya karye, ko tsagewa zai yi a hankali take tafiya har ka lura, ba kamar firam din kabon ba (wanda ake yi da zaren carbon maimakon karfe) da zai iya boye ciwonsa a ciki. Amma fa ba kowace lotsawa ake kyalewa ba.

Fara wanke wajen tas, ka haska da tocila sannan ka shafa da yatsa. In ramin zagayayye ne sumul kamar an danna da babban yatsa, kuma a tsakiyar bututun sama yake, toh da sauki, yawanci kahon keken ne ya juyo ya buge shi lokacin da ya fadi. Dama tsakiyar bututu tafi siranta, a kekuna masu kyau kaurin karfen wajen bai wuce milimita 0.6 ba alhali bakin yana kai 0.9, shi yasa abu kadan ke lotsa shi. In kuwa yatsanka yaji kaifi, karfen ya nade yayi layi, wannan kam matsala ce domin daga irin layin nan tsaga take farawa.

Inda ni nafi tsoro shine kusa da walda, musamman karkashin bututun kasa dab da wuyan keken. Leka wajen sosai, in kaga ya tattare ko fenti ya tsattsage a zagaye to keken yayi karo ta gaba kenan, firam din ya riga ya tankware ko da ido bai nuna maka ba, kada ka hau sai mai gyara ya gani. Fok kuma, wato karfen da ke rike da tayar gaba, babu ciniki, in ya lotsa canza shi, domin in ya karye kana cikin gudu fuska ce zata fara isa kasa.

Sai gwajin zare. Daura shi a inda tayar baya take zama, ka zagayo dashi ta wuyan keken ya dawo daya bangaren, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama, in basu zo daya ba firam ya karkace. Af, 'yar lotsawar dake bututan baya kusa da taya, mai tsari iri daya, daga kamfani take, an yi ta ne don taya ta samu wuri.

In komai lafiya shafa fenti a inda ya goge saboda tsatsa, kayi alama da alkalamin maka a gefen ramin ka rika dubawa lokaci lokaci. Kada ka dauko guduma wai zaka buga ya dawo, kara raunata karfen zaka yi. Duk ranar da kaga layi siriri kamar gashi, ko ka fara jin kas kas in ka taka feda, sauka ka tura shi zuwa wajen mai gyara.